Ɗaurin Ciki da Yankan Ciki: Yunwa da Kwaɗayi a Ƙasar Batsari da Safana

A ƙasarmu ta yammacin Katsina, daga Ruma da Wagini a Batsari har Runka da Zakka a Safana, yunwa tana da lokacinta a kowace shekara. 'Yan birni sukan ɗauka da rani take zuwa. A'a, sai ƙasa ta yi kore shar, gero ya kai ƙugu, daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, ga noma da maimai suna neman ƙarfin mutum tun asuba. Yawancin dabarun da kakanninmu suka bari game da ci da hana kai ci, saboda waɗannan 'yan makonnin aka ƙirƙire su.

Babbar dabarar ita ce rumbu. Idan an gama kaka, maigida zai ƙirga dammunansa, ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya ware na haraji da na biki. Sauran a zuba a babban rumbu a liƙe bakinsa da laka. Mahaifina ba ya buɗe nasa sai ruwan shuka ya sauka, ko da kuwa za a kwana da ruwan kunu. Da rani gida yana rayuwa ne da ɗan abin da aka samu a gayauna, da sana'ar mata ta cikin gida, ƙuli-ƙuli da daddawa da kaɗi, samari kuma su tafi ci-rani Kano ko Gusau ko kudu. Ba kuɗin da za su kawo kaɗai ake so ba, bakinsu ma ake so ya bar gidan. Idan an buɗe rumbun, kullum da safe Baba ne zai auna da tiya ya miƙa wa mai girki. Abin da ya auna shi ne abincin ranar, ba ƙari, ba roƙo.

Wannan na mai hali ne. Talaka ba ya iya rufe rumbu, domin bashi da haraji suna jiransa tun hatsin yana gona. Baturiya Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna abin da kowa a nan ya sani ba a rubuce ba: marar ƙarfi ya sayar da hatsi da kaka yana arha, ya dawo ya saye shi da damina yana tsada, kuma kuɗin sayen sai ya bar gonarsa ya je ƙwadago a gonar wani. Da haka talaucin bana yake haifar na baɗi.

Daga nan aikin ya koma hannun mata, su ne masu sa hatsi kaɗan ya zama kamar mai yawa. Tafasa tana fitowa da kanta a bakin hanya da kan juji da zarar an yi ruwa biyu. Mahaifiyata takan aike mu mu tsinko kanta mai laushi, ba tsohon ganye ba. A dafa, a zubar da ruwan farko mai ɗaci da wari, a matse ta da hannu har ta zama curi-curi, sannan a daka ƙuli-ƙuli biyu ko uku da gishiri da barkono a kwaɗa. Akushi guda na wannan kwaɗon zai sa yaro ya tashi da ciki tim, ko da yake bayan awa biyu zai ji kamar bai ci ba. Haka ake yi da yaɗiya da rama da zogale da ɗinkin. Tsaki cikin tafi ɗaya ya ishi tukunyar fate idan ganye ya yi yawa. Curin fura guda a dama shi da ruwa cikin ƙwarya ya zama farau-farau, mutum biyar su sha a gona. Duk dabara ɗaya ce: a cika tumbi da ruwa da ganye, a yaudare shi ya yi shiru har dare.

In ya ƙi yin shiru, a ɗaure shi. Na ga mata suna naɗe ɗankwali su tamke ciki kafin su kama daka, maza kuma su ƙara jan ɗamara. Tsofaffi suna da goro da garin taba, waɗanda suke kashe jin yunwa na ɗan lokaci. Akwai kuma tsarin ci: yara da masu noma su ne gaba, uwa ce ƙarshe. Idan ka ce, "Inna, ke fa?" sai ta ce ta ci wajen tuƙi. Mun girma kafin mu gane ba ta ci ba.

Kwaɗayi kuwa ba a yi masa dabara, horo ake yi masa. Yaron da ya tsaya yana kallon bakin mai ci ya sha rankwashi. Wanda ya ci a gidan maƙwabta ba da izini ba ya jawo wa uwarsa magana. A akushi ka ci gabanka, kada ka kai hannu ga nama sai an raba, babba kuma ya tsame hannu ya bar wa ƙanana suɗi. Kunya ce makamin, kuma ta yi aiki, domin a gidan da awo yake a ƙididdige, mai kwaɗayi guda ɗaya rabon wani yake ci.

Wannan ita ce yunwar kowace shekara. Akwai kuma manya, masu suna. Tun a ƙarni na 19 ƙasar Ruma bakin daga ce tsakanin Katsina da Maraɗi, zamanin hare-haren Ɗan Baskore da jarumtar Ɗan Waire, lokacin da manomi ba ya nisa da ganuwa. Turawa suka ci Katsina a 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906, yaƙi ya kwanta, amma haraji ya koma na kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, mutane suka ba ta gona. Sai daminar 1913 ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya a 1914, Kakalaba, ita ce wadda tsofaffinmu suke auna kowace yunwa da ita. Mutane suka kwararo daga ƙasar da Faransa ke mulki a arewacinmu suna faɗuwa a hanya, haraji kuma ba a fasa karɓa ba. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi fara a farkon shekarun 1930, aka yi 'Yar Gusau a 1942, tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da mutane suka riƙa nausawa Gusau neman hatsi. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ya buga littafi a 1983, hujjarsa ita ce rashin ruwa kaɗai bai isa ya kashe mutane haka ba, sai da haraji da kasuwa suka riga suka kwashe abin da ke rumbu. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

Kakata ta wajen uba tana yarinya aka yi Kakalaba. Ba ta son maganar, sai dai ta ɓalle mata idan ta ga mun zubar da tuwo. Ta ce sun haƙa gidan tururuwa sun kwashe ƙwayar da ta tara. Sun sussuke ƙarangiya, ƙaya da komai, don ɗan idon da ke ciki. An ci dusa, an ci aduwa har ganyenta, an daka ɓawon goriba an yi kunu. Dajin Rugu shi ne rumbun wanda ba shi da rumbu: kanya, ɗinya, taura, magarya, tsada, muruci, duk daga can. Amma abin da ya fi tsaya mata a rai ba lokacin rashin ba ne, lokacin samu ne. Da gero ya fara nuna, mutanen da suka yi watanni ba su ƙoshi ba suka faɗa wa tumu, suka gasa suka ci har suka ji daɗi, wasu ba su kwana ba. Ta ce a ƙauyensu an binne mutane a makon da abinci ya zo. Likitoci sun ga irin wannan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, wajen fursunonin da aka sako aka ba su abinci da yawa lokaci guda. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka auka masa abinci, gishirin jininsa yakan rikice har zuciya ta tsaya. Mutanenmu ba su da wannan bayanin, amma sun fitar da ƙa'ida: wanda ya fito daga yunwa, kunu tsararo za a fara ba shi, ludayi ɗaya, a jira, sannan wani.

Ni na ga yunwar 1973 zuwa 1974 ina firamare. Abin da na fi tunawa shanun da suka gangaro daga Nijar, ƙashi da fata, ana sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun gero ba, da Buzaye mata zaune a bakin kasuwa da ƙorai. Ta 1984 ta fi tsanani a hayin iyaka. Mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari, saboda a shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, hatsin da ya saba bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya tsaya.

Mutanen da suka fito daga irin wannan tarihi ba za su ga ƙiba a matsayin cuta ba. Idan amarya ta zo ganin gida ta yi kumatu, an ce mijin ya iya riƙo. Mai jego ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama kwana arba'in. Tumbi shaidar Alhaji ne. Da kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, sai ga buredi da shayi mai sukari cokali huɗu, ga shinkafa da taliya da lemon kwalba, abubuwan da da sai Sallah. Tarbiyyar da aka gina don gidan da babu ta tarar da gidan da akwai, ba ta san abin da za ta ce ba. Wani bincike da aka yi a Holan kan waɗanda suna cikin uwa aka yi yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ya nuna sun fi sauran saurin ƙiba da ciwon sukari da suka girma. Nakan tuna da shi idan na dubi ƙanwata, haihuwar 1974.

Ta yi aure a Kano, tana sayar da atamfa, Allah ya buɗa mata. Jiki ya yi ta ƙaruwa har sukari da hawan jini suka kama ta, gwiwa ta ƙi, salla sai a kujera. Ta sha shayin rage ƙiba iri-iri. Daga ƙarshe ta tafi Masar aka yi mata tiyatar rage tumbi. Aikin ba sabo ba ne, wani likita a Iowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara irinsa a shekarun 1960. Nau'in da aka yi mata shi ne wanda ake yanke kusan kashi huɗu cikin biyar na tumbi a cire, a bar siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da wani sinadari, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, mai aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa watannin farko mutum zai wuni bai ji cikinsa ya nemi komai ba.

Ta zo wurina a Batsari ta huta. Goggonmu, ƙanwar Baba, tana gidan, tun da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, kuɗi kika biya aka rage maki ciki?"

"Eh, Goggo."

"Ikon Allah. Mu namu kyauta aka rage mana."

Na karanta mata takardar likita. Mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai, romo da madara da kunu marar kauri. Sannan abu mai laushi, sai bayan wata guda ko fiye a taɓa mai tauri. A ci da ƙaramin cokali, a tauna sosai, a tsaya da zarar an ji nauyi a ƙirji. Kada a sha ruwa tare da abinci, a bar rabin awa tsakani. Ba lemon kwalba. Ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini har iyakar rai. Goggo ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, haka ake tayar da wanda yunwa ta kayar, ta karɓi aikin. Ita ce take zama da ludayi tana cewa, "Dakata, bari wancan ya sauka."

Inda suka saɓa shi ne ranar da Goggo ta kwaɗa tafasa don ta faranta mata. Loma biyu ta cika ta, ba wurin ƙwai, ba wurin kifi. A nan ilimin tsofaffi ya juye. Su sun ƙware wajen abinci mai cika wuri ba amfani mai yawa, ita kuwa tana bukatar mai amfani da ba ya cin wuri: ƙwai, kifi, nono, alala, naman kaza da aka dafa ya yi lugub, su za a fara ci, tuwo ya zo daga baya in da sauran wuri. Mai irin wannan tiyata da ya cika cikinsa da ganye da farau-farau zai rame ta mummunar hanya, gashi ya zube, jini ya yi ƙasa.

Yunwa ta tafi, amma ba abin da wuƙa ta yi wa kwaɗayi. Da magariba idan iska ta kwaso ƙamshin tsire daga bakin titi, sai ka ga ta yi shiru tana haɗiyar yawu.

"Yaya, wallahi ba yunwa nake ji ba. Cikina a cike yake. Bakina ne."

Rannan ta faki ido ta sha fura mai sukari rabin kofi. Kafin rabin awa gumi ya karyo mata, zuciya tana bugawa, jiri, sai bayan gida. Abu mai zaƙi yana zarcewa hanji da sauri tun da tumbin da zai riƙe shi babu. Wannan wahalar takan hana wasu, amma ba kowa take kamawa ba, kuma takan ragu. Haɗarin yana nan: nama da tuwo suna tsayawa, amma shayi mai madara, fura, alewa, duk suna wucewa sumul. Yawancin waɗanda ƙibarsu ta dawo bayan shekaru ta wannan ƙofar ta dawo, kurɓi-kurɓi, wuni guda. Jin yunwar ma yakan dawo sannu a hankali bayan shekara ɗaya ko biyu.

A Jami'ar Minnesota, a 1944 zuwa 1945, Ancel Keys ya tara samari 36 da suka yarda a rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna mafarkinsa. Da aka sake su, watanni suka yi suna ci ba su jin sun ƙoshi. Ban yi mamaki ba da na karanta. Kakata ta rasu gidan cike da hatsi, amma da aka ɗaga tabarmarta an sami ƙullin ƙuli-ƙuli da goriba biyu.

Abin da ya taimaki ƙanwata tsohon abu ne. Ta koma awo irin na Baba. Da safe ta raba abincin yini a ƙananan kwanoni biyar, kowanne da lokacinsa, ta daina ajiye biskit da lemo a ɗaki. Idan abin ya taso tsakanin kwano da kwano, Goggo ba ta ce mata kada ta ci, sai ta ce, "Bari a yi la'asar tukuna." Ta miƙa mata asuwaki, ko ta zube mata kaba su kama saƙar faifai. Kafin a kira salla ya lafa. Ruwa kuma kurɓi kaɗan-kaɗan duk yini, domin sau da yawa ƙishirwa ce take zuwa da kamar yunwa. Azumin shekarar farko likita ya ce ta ɗage, ta rama daga baya, ta yi kuka a kan wannan fiye da kan tsire.

Mafi wuya mutane ne. A wurinmu wanda aka ajiye wa abinci ya ƙi ci ya yi zagi. Ta je biki a Safana aka jere mata alkaki da nakiya da shinkafa da kaji, ta ɗauki tsoka ɗaya, uwar amarya ta ɓata rai. Da ta fara ramewa sai raɗe-raɗi, wasu su ce sammu, wasu su ce ciwon da ba a faɗa. Ta gwada bayani ta gaji, ta koma cewa "likita ya hana," ta roƙi a ƙulla mata ta kai wa yara. A ganina nan ne al'adarmu ta gaza. Ta koya wa mai ci ya ji kunyar so, ba ta taɓa koya wa mai bayarwa ya sassauta ba, domin a zamanin da aka gina ta ba wanda tayin abinci ya taɓa cutarwa.

Su kuwa ƙauyukan da muka baro, yunwar da take da lokaci yanzu ba ta da shi. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna zaune a Rugu. Gonakin nesa sun koma saura, wanda ya noma ba ya yarda ya tara a rumbu don kada a ƙone ko a kwashe, dajin da aka fake da shi a Kakalaba ba mai shiga tsinkar kanya. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a Katsina tun 2021. Maganin da ake ba su wata 'yar leda ce da likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro a 1996: gyaɗa da madara da sukari da mai da bitamin, giram 92, ƙarfin kalori 500. An yi ta ne don cikin da ba ya ɗaukar abu mai yawa, matsala ɗaya da ta ƙanwata, ko da yake ita an hana ta saboda zaƙi da maiƙo.

Ledar tana da daɗi, kuma manya sun gano haka. Na gan ta a teburin mai shayi, magidanta suna saye suna shafa wa buredi. Mai sayarwa ta farko sau da yawa uwar yaron ce. An ba ta na mako guda don ɗa ɗaya, ga wasu biyar a gida ba su ci ba, sai ta fitar da leda uku ta sayi garin masara da zai kai su gobe. Ma'aikatan asibiti sun san da haka, shi ya sa a wurare da yawa sai uwa ta dawo da ledojin da yaro ya shanye, an ƙirga, kafin a ba ta na mako mai zuwa.